Wasiyyar da ta ɓullo bayan wata 14: lokacin ƙalubalantarta ya wuce ne?

Maman Sumayya, Jidda

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon waɗanda suka san kan kotunan ƙasar nan su haska mana. Wani dattijo ne ya rasu a Jidda wata 14 da suka wuce. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, biyu suna Kano, autar kuma ba ta balaga ba. An fitar da sakki, wato takardar hukuma, ta ƙididdige magada, amma ba a raba komai ba tukuna. Makon jiya babban ɗan ya fito da takarda rubutun hannu, da dangwale a ƙasanta, wai marigayin ya bar masa mota, ya bar wa wani ɗan ƙanin marigayin riyal 400,000. Kwanan watan da ke jikinta ya faɗo daidai lokacin da yake kwance a asibiti, ko mutane ba ya shaidawa sosai. Akwai kuma gida a Kano. Babban ɗan ya ce wata shida ake ba mai musu, kuma ya wuce. Haka abin yake?

Ɗan Hindawiyya

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan sa, ya ba ku haƙuri. Hajiya, wata shidan nan ba na nan ba ne. Inda aka san shi shi ne Ingila, a dokarsu ta 1975, kuma ko a can wa'adi ne na iyalin da ke neman a yanka musu wani abu daga dukiyar mamaci, ba na musun ingancin takarda ba. Kada a razana ku da shi.

A Saudiyya wasiyya tana ƙarƙashin dokar Ahwalus Shakhsiyya (dokar iyali da gado) ta 2022, ƙararta kuma tana zuwa kotun Ahwalus Shakhsiyya, ana shigarwa ta Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a. Tun kafin a zo maganar ko takardar ta gaskiya ce, abu biyu sun riga sun rage mata ƙarfi. Babban ɗa magaji ne, kuma babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun amince bayan rasuwa. Wanda ya amince, a kasonsa kaɗai za ta zartu. Ɗan ƙanin kuwa ba ya gado tunda akwai ɗa namiji, saboda haka wasiyya gare shi halal ce, amma iyakarta sulusi. Sulusin ma ba daga jimillar farko ake cire shi ba. A ɗauka dukiyar gaba ɗaya, har da kimar gidan Kano, ta kai 900,000, hidimar jana'iza da basussuka sun ci 120,000. Saura 780,000, sulusi 260,000. To 140,000 ɗin da ya hau kai yana rataye ne a kan yardar magada, ko da alƙali ya gaskata kowane harafi na takardar.

Wa'adin da ya kamata ku sa ido a kai yana cikin dokar Mu'amalatul Madaniyya (dokar hulɗar dukiya da yarjejeniya), wadda ta fara aiki a Disamba 2023. Ƙa'idarta ita ce haƙƙi ba ya mutuwa don an daɗe, amma bayan shekara 10 kotu ba ta sauraron ƙara a kan wanda ke musun haƙƙin. Yarjejeniyar da ta ɓaci tun daga tushe ita ma shekara 10 ce. Wadda ake neman a rushe saboda yaudara ko kuskure kuwa shekara ɗaya ce daga ranar da aka san dalilin, ta tilastawa kuma daga ranar da tilas ɗin ya gushe. Waɗannan an rubuta su ne a babin yarjejeniya, amma rikicin gado ba ya rasa wata “kyauta” ko wani “ciniki” da aka ce mamaci ya yi yana kwance. Shawarata, ku ɗauki mafi gajarta: shekara ɗaya daga ranar da kuka ga takardar. Ku rubuta ranar, ku adana saƙon da aka turo hotonta a ciki.

Malam na Shara Mansur

Ɗan Hindawiyya ya gama magana a kan shekaru, ni sa hannu nake tsoro. Mafi yawan masu rasa haƙƙinsu ba wa'adi ne ke cinye su ba. Zama ake yi na 'yan'uwa bayan sallar isha, a kawo shayi, a ce “a rufa wa marigayi asiri”, a miƙo takarda kowa ya sa hannu. Wannan sa hannun shi ne amincewar da shari'a ke magana a kai, kuma baligi mai hankali da ya amince bayan rasuwa, yana sane da abin da ya amince da shi, komawa baya gare shi aiki ne ja.

Mutanenmu da suka yi karatu a mazhabar Malikiyya sukan rikice a nan, domin a wajen Malikawa izinin da magaji ya bayar mai wasiyya yana cikin ciwon ajali yana iya ɗaure shi. Dokar nan ta ce bayan rasuwa. Don haka in babban ɗan ya ce “ai kun yarda a gaban Baba a asibiti”, wannan ba ya wadatarwa.

Autar kuma babu mai amincewa a madadinta, ko uwa ko waliyyi, domin kyauta ce daga dukiyar marainiya. Kasonta yana nan cif.

Hajiya ta Misfala

'Yar'uwa, ki duba irin takardar da kyau, domin hanya biyu ce. Wasiyyar da aka rubuta gaban katibul adli, jami'in da ke tabbatar da takardu, takardar hukuma ce, ba a ture abin da jami'in ya shaida da idonsa sai da da'awar jabu. Taku ta hannu ce, kuma dokar Isbat, wato ta hujjoji a kotu, da ta fara aiki a 2022 ta ba magaji damar cewa bai san wannan rubutu ko dangwale na mahaifinsa ba ne. Da ya faɗi haka, nauyin tabbatarwa ya koma kan wanda ya kawo takardar: shaidun da suka ga an dangwala, ko ƙwararre ya gwada da wani dangwale ko sa hannun marigayin da babu saɓani a kansa.

Ga inda ake zamewa. Wanda ya shiga tattauna abin da takarda ta ƙunsa a gaban kotu, ba a karɓar musunsa daga baya. In magaji ya buɗe baki a zaman farko ya ce “ai motar ma ba ta kai haka ba” ko “kuɗin sun yi yawa”, ya taɓa cikin takardar ke nan. A fara da musun, a rubuce, sannan sauran hujjoji su biyo a matsayin ko da an ƙaddara ta inganta. Kuma kada a yi musu don taurin kai: in kotu ta tabbatar takardar gaskiya ce, tana iya cin wanda ya musanta ta kai tsaye tara har riyal 10,000, ban da magajin da ya tsaya a kan cewa bai sani ba.

Rashin hankalin mai wasiyya hujja ce daban da ta jabu, domin mutum yana iya dangwalawa da yatsansa alhali bai san me ake ciki ba. Abin da ke aiki a nan shi ne fayil ɗin asibiti na wannan ranar da kwanakin da ke kewaye da ita: bayanan likita kan farkawarsa, magungunan da aka ba shi da awannin da aka ba shi. Rahoton sallama ko takardar mutuwa kaɗai ba sa nuna halin da yake ciki a sa'ar da aka dangwala. Ku roƙi kotu ta rubuta wa asibitin da kanta. Ku kuma roƙi a dakatar da taɓa motar da kuɗin banki har a gama shari'a, domin hukunci a hannu ba ya dawo da motar da aka sayar sau biyu.

Maman Sumayya, Jidda

Allah ya saka da alheri, hankalinmu ya kwanta. Saura biyun da ke Kano, dole sai sun zo? Gidan can fa?

Ɗan Hindawiyya

Ba dole ba ne, Hajiya, wakala, wato takardar wakilci, ta isa, amma ku fara ta yau domin ita ke cin lokaci: a rubuta, a fassara zuwa Larabci, ma'aikatar harkokin waje ta Najeriya ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Kano, sannan a tabbatar da ita a nan. A tabbata an ambaci ikon shigar da ƙara, musun takarda, da'awar jabu da ɗaukaka ƙara, kowanne da sunansa. Ikon sulhu, yafewa da amincewa da wasiyya kuwa kada a saka sai da gangan, kuma kada wakilin ya zama wanda ke cin moriyar takardar.

Gidan Kano kotun Saudiyya ba ta hukunci a kan mallakar gida ko filin da ke wajen ƙasar. Wannan na kotun shari'ar Musulunci ta can ne.

Wa'adin da ba ya yafiya shi ne na bayan hukunci. Kwana 30 ne na ɗaukaka ƙara, ana ƙirgawa daga washegarin ranar karɓar kwafin sakkin hukunci ko ranar da aka sa don karɓarsa, kwana 10 in hukuncin gaggawa ne. In ya wuce, hukunci ya zama yankakke, sai ƙofar neman sake duba, wadda ke buɗewa a 'yan wurare kamar tabbatar jabun takarda bayan hukunci, ita ma kwana 30 daga ranar sani. Saƙon da kotu ta tura lambar wayar da ke rajiste a Absher, manhajar hidimomin gwamnati, isarwa ce cikakkiya, ko layin yana cikin aljihun jallabiyar da aka rataye tun bara. Kowane magaji ya duba lambar da ke kan asusunsa.

Shekarun dokar Mu'amalat kuma da kalandar Hijira ake lissafa su. Shekara ɗaya kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11, a shekara 10 kuwa giɓin ya haura wata uku da rabi.