Sabuwar shekara ta kama: da me kuke tsara lamuranku?

Maman Ilham, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Janairu ya shigo, kuɗin makaranta na zango na biyu yana jira, hunturu ya sa yara tari, azumi kuma yana tafe. Kowa ya faɗa mana abin da yake riƙe masa lissafin kuɗi, lokaci da lafiya. Wanda kuka gwada da kanku nake nema, don shi ne zai amfane mu.

Baban Sadik, Kasuwar Barci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni tela ne, kuma littafi mai kaurin bango shi ne makamina. Duk wanda ya kawo ɗinki, sai in yanko ɗan ƙyallen yadinsa in maƙala kusa da sunansa, in rubuta awo, kafin alƙalamin da ya bayar da ranar karɓa. Kowane mako yana da shafinsa. Shafi ya cika, ba na ƙara karɓa ko da surukina ne. Ɗinkin sallah tun yanzu nake tsara shi, domin alƙawarin da ba a rubuta ba shi ke zubar wa tela mutunci. Bayan isha'i nake duba abin da ya shigo da abin da ya fita.

Ɗalibi daga Kawo: Baba, ni waya ce. Lakca da jarrabawa suna cikin Google Calendar, abin da zan saya yana Google Keep. Na ɗaure karatuna da lokutan salla: bayan asuba bita, bayan la'asar aikin gida. Amma in an kwana biyu ba wuta, littafinka ya fi wayata.

Anti Nas, Malali: Ku bar ni in tsaya a kan lafiya, don nan ne muka fi sakaci. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana harkarsa lafiya lau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Na'urar awon jini ta gida tana da sauƙin aiki: ka zauna ka huta kamar minti 5, ka jingina bayanka, ka ɗora hannu a tebur, sannan ka auna ka rubuta da kwanan wata. In yana yawan kai 140/90, a tafi asibiti da takardar, kada a tsaya sayen magani a kemis. Wanda ba shi da na'urar ya leƙa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma na cikin dunƙulen miya yana cikin lissafin. Ni na rage dunƙule na ƙara daddawa. Motsa jiki kuwa aƙalla minti 150 a mako. Muna zagaya Murtala Square da safe ni da maƙwabciyata, ita ke ƙwanƙwasa mini ƙofa, kuma wallahi ƙwanƙwasawar nan ta fi kowace manhaja tashe ni.

Hajiya Babba, Tudun Wada: Adashi, 'ya'yana. Na roƙi uwar adashinmu kwasata ta riƙa faɗowa kafin komawa makaranta.

Malam na Rigasa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, adashi na da kyau, sai dai mai kwasar ƙarshe yakan tarar kaya sun tashi. Ni da kuɗin sun zo hatsi nake mayar da su. Muna haɗa kuɗi da 'yan uwa a sayo masara daga Saminaka, wake kuma a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ƙwari ba sa taɓa shi kuma ba a sa magani. Sai dai a tabbata ya bushe sosai kafin a ɗaure.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Anti Nas, ƙarfe nawa kuke fita? Malam, in za a sake sayo masarar a sa ni buhu ɗaya.

Anti Nas: Da gari ya ɗan waye, bayan asuba. Ki zo da rigar sanyi da takunkumi saboda ƙura.