Makunnin da ya daina cewa "ƙas": me ya faru a gidanku?

Maman Biyu, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ina son in ji ko irin wannan ta taɓa samun wani, don har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Butar lantarkina ta kai shekara uku a hannuna. Da can in na danna ɗan hannun nan na gindinta sai in ji ƙas, 'yar fitila ta kama, in ruwa ya tafasa in sake jin ƙas ta kashe kanta. Bayan Babbar Sallah sai ƙarar ta fara raguwa, hannun ya yi laushi, daga baya ma ya daina tsayawa, ina saki sai ya koma sama. Sai na naɗe ɗan kwali na tokare shi, in ruwa ya tafasa in zare da kaina.

Daren Talata na sa ruwan shayi, kafin ya yi zafi aka ɗauke wuta. Na bar ta a jone na kwanta, kwalin yana ciki. Wajen ƙarfe biyu aka maido wuta. Warin roba ne ya tashe maigida. Ruwa ya tsotse tas, gindin butar ya narkar da ledar teburi, kuma yara suna kwance a ɗakin da ke manne da kicin. Allah ne ya tsare. Me ke cikin ɗan hannun nan? Wa ya taɓa gamuwa da makunni ya yi masa haka, a buta ko a wani abu, kuma ya aka ƙare?

Baba Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah shi ƙara tsarewa. Na hi shekara ashirin ina buɗe irin kayan ga, kuma kusan kowane mako sai an kawo min buta ko dutsen guga da anka tokare da kwali, ko tsinken ashana, ko anka ɗaure da kyauro.

Ƙaran nan da kike ji, sifirin ne. Cikin makunni akwai bakunan ƙarhe guda biyu, mu muna ce musu kontak. In sun haɗe wuta ta wuce, in sun rabu ta tsaya. Matsalar tana wurin rabuwa. In sunka rabu sannu-sannu, wuta ba ta yarda ta yanke nan take, sai ta tsallaka 'yar ratar da ke tsakani ta zama tartsatsi, shi kuwa tartsatsin shina cin ƙarhen awa yadda walda ke narka rodi. Buta mai wat 2000 bisa wutarmu ta bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, ba ƙaramar wuta ba ce a tsinke da sanyin jiki. Hannun ɗan Adam kuwa ba shi da saurin da ake so, balle tsoho ko yaro mai wasa da makunni. Shi ya sa anka sa sifirin tsakanin yatsanki da bakunan.

Kin san ɗan ƙarhen kama gashi na 'yan mata, wanda in kin lanƙwasa shi sai shi buɗe ɗas, in kin maido shi sai shi rufe ɗas? Ba shi tsayawa tsakiya. To haka sifirin makunni yake. Ke kina turawa a hankali, shi shina tara ƙarhi, da ya wuce tsakiya sai shi watsa bakin zuwa ɗaya gefen cikin ƙiftawar ido. Wannan aikinsa na farko. Na biyu, bayan sun haɗe shi ne ke matse su da juna. In ya yi sanyi matsin ya ragu, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya ɗauki zahi, zahin ya ƙara kashe sifirin, robar da ke riƙe da shi ta sake. Laushin da kika ji bayan Sallah, nan anka fara.

Kashe kanta kuma, tururi ne ke yi. Akwai 'yar hanya da ke ɗauko tururi daga sama ta kai shi ga wani ɗan faifai da anka yi da ƙarhe iri biyu manne da juna. Ɗaya ya hi ɗaya miƙewa in ya ji zahi, sai faifan ya juye ɗas ya bugi hannun ya koma sama. Ranar Talata faifan ya yi aikinsa, kwalinki ne ya hana hannun motsi. Abin da ya cece ku, yawancin butoci suna da mai gadi na biyu manne da gindin, wanda ke yanke wuta in ruwa ya ƙare. Kar ki sake jona ta sai an duba.

Mai Wanki da Guga, Gawon Nama

Baba ya faɗi gaskiya. Ni dutsen guga ne ya yi min. Duk mai guga ya san ƙas ɗin nan da yake yi lokaci-lokaci, fitila ta mutu, jim kaɗan ta dawo. Nawa ya fara kashe kansa da wuri, ga kayan Sallah sun taru. Na kai wa wani yaro a bakin titi, ya ce a haɗa dairek kawai, ya tsallake makunnin da ke kashe dutsen in ya yi zafi ya ɗaure wayoyin biyu. Kwana biyu ina jin daɗi, dutse ba ya hucewa. Rana ta uku na ɗora shi a kan shaddar wani bawan Allah, babbar riga mai aiki, ya bar shatinsa baƙi ƙirin a kafaɗa. Wata huɗu ina biya. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, mutumin ya daɗe yana kawo min kaya, tun daga ranar bai dawo ba.

Yanzu in ina guga kunnena na kan dutsen. In na yi riga biyu ban ji ƙas ba, sai in zare in jira.

Malama A., Runjin Sambo

Tawa mai sauƙi ce amma ta ba ni wahala kafin in gane. Cikin hunturu na lura kayan da ke saman firij ba sa sanyi kamar na ƙasa, robar da ke rufe ƙwan fitila har ta yi rawaya. Na ɗauka gas ne ya ƙare. Ƙanena ya kunna bidiyo a waya, ya sa ta ciki ya rufe ƙofa. Da muka duba, ashe fitilar ba ta mutuwa, dare da rana tana kunne tana ɗumama wurin.

Makunnin firij a juye yake aiki. Sifirin ne ke turo ɗan maɓallin waje ya kunna fitila, ƙofa kuma in ta rufu sai ta danne shi ta kashe. Nawa kansa ya goge, ƙofar ma ta ɗan sauka, ba ta kai masa. Aka ɗaga ƙofa aka sauya maɓallin, shi ke nan. Na maƙwabciyata kuma akasin haka ya yi, ƙura da zoɓon da ya zube suka manne shi a ciki, fitila ta ƙi kamawa, ta sayi ƙwan fitila har biyu a banza.

Ɗan Arkilla

Ni darasina a sola na koye shi, kuma ina roƙon duk mai sola ya karanta. Da aka haɗa min faranti huɗu a jere, mai aikin ya sa bireka, wato makunnin yanke wuta, irin ta wutar NEPA tsakanin faranti da kwantirola mai daidaita cajin batir. Wata rana da azahar, rana tsaka, na sauke ta don in goge batir. Na ji ƙas ɗin, amma bayansa sai wani zuuu ya biyo, haske shuɗi a cikin akwatin, roba ta fara hayaƙi. Sifirin ya raba bakunan, wutar ta ƙi yankewa.

Wanda ya zo ya gyara ya yi min bayani. Wutar NEPA tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ke nan sau 100 a kowace daƙiƙa tana sauka zuwa sifiri, a nan tartsatsi ke samun damar mutuwa. Wutar faranti da batir hanya ɗaya take bi, ba ta sauka, don haka in ta kama tartsatsi sai ta riƙe. Birekar da aka yi dominta daban ce, akwai masu maganaɗisu a ciki da ke jan tartsatsin ya tsinke, kuma za ka ga an rubuta DC a jikinta tare da yawan bolt ɗin da take ɗauka. Ku je ku duba naku yau, kar ku jira.

Ummu Khadija, Gidan Igwai

Fanka mai tsayuwa fa? Ka danna biyu, ɗaya ya fito, haka muka sani. Tawa cikin zafin Afirilu ta koma in ka danna kowanne sai ya biyo yatsanka. Na ɗiga mata man keken ɗinki ta yi mako guda tana aiki, sai ta koma fiye da da. Wata ta ce in wanke da fetur. Baba, a yi?

Baba Mai Gyara, Tsohuwar Kasuwa

A'a ɗiyata, kar ki kai hwetur inda tartsatsi ke tashi. Man da kika sa ma shi ya ƙara ɓata ta, don ƙurar garin ga in ta samu mai sai ta zama taɓo. Bayan maɓallan akwai wani siririn ƙarhe kwance mai haƙora, da ɗan ƙaramin sifirin da ke jan shi gehe guda. In kin danna maɓalli sai shi ture ƙarhen, wanda ke ciki ya kuɓuce ya hito, sabon ya maƙale. In taɓo ya hana ƙarhen dawowa, ba abin da zai maƙale. A zare daga soket, a buɗe, a goge da busasshen buroshi, in da hali a hesa maganin wanke kontak a bari ya bushe. In ɗan sifirin ya tsinke, jerin maɓallan gaba ɗaya ake saidawa, ba tsada.

Kuma ga masu kankare kontak da samfefa mai kaushi: bakunan da yawa an shafa musu azurfa sama-sama. Ka kankare, ya yi kyau yau, bayan wata guda ya ƙone hiye da da.

Malamin Lantarki, Bado

Ina koyar da wannan a aji, amma sai da na ɓata fis uku a gidana kafin ya zauna min. Na'urar ɗumama abinci (maikirowef) ta uwargida ce, da an buɗe ƙofa sai fis ɗinta ya ƙone. Na sauya, ya ƙone, na sake sauyawa. Ashe a bayan ƙofar akwai ƙananan makunnai, galibi uku, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Biyu suna yanke wuta in an buɗe ƙofa. Na ukun mai sa ido ne: in waɗancan suka manne suka ƙi yankewa, shi sai ya haɗa wutar da gangan ya ƙone fis, don kada na'urar ta yi aiki ƙofa a buɗe. Fis ɗin gaskiya yake gaya min, ni ne ban saurara ba. Ɗaya daga cikin makunnan bakinsa ya narke ya manne, saboda yara sun saba fizge ƙofa tana cikin aiki.

Abin da Baba ya bayyana ya daɗe. Tun 1884 wani injiniya a Ingila, John Henry Holmes, ya fito da makunni mai saurin yankewa don maganin tartsatsin nan. Ƙaramin irin na bayan ƙofa kuma a Amurka aka ƙirƙiro shi a 1932, kuma har yau fasalinsa bai sauya sosai ba, ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne ke yin aikin.

Gargaɗi ɗaya: wannan na'urar ba a buɗe ta a gida. Akwai kafasita a ciki da ke iya riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket. Ni da na buɗe, na san yadda ake sauke ta ne.

Maman Biyu, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maigida ya kai butar jiya aka buɗe a gabansa. Ɗan sifirin yana nan bai karye ba, kujerar robar da yake zaune a kai ce zafi ya cinye, ya zame gefe. Bakunan sun yi baƙi, ɗaya har da rami. An ce gindin gaba ɗaya za a sauya, in ba a samu irinsa ba a haƙura da ita. Ya taho min da tsohon a leda, na nuna wa yara faifan da Baba ya faɗa.

Da na dawo kicin na bi makunnan gidan ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Na bangon da ake jona hita ba ya ƙara ko kaɗan, kuma murfinsa da ɗumi in an daɗe ana aiki. Mun daina amfani da shi, mai wayarin zai zo Asabar.

Ɗan Kwannawa

Baba, kafin a tashi. Tankinmu na sama yana da ƙwallon nan mai kashe famfo in ruwa ya cika. Kwana uku ke nan sai ya yi ambaliya muke sani. Na hau na girgiza ƙwallon, ina jin wani abu yana gangarawa a ciki amma ba ƙas. Shi ma sifirin ne, ko ruwa ne ya shige shi?