Don Allah ku agaza, wani jan allo ya hana ni sakat a kwamfuta

Malamar aji huɗu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun jiya ban runtsa ba. Laftof ce HP ta hannu, yayana ya sayo min shekara uku da suka wuce lokacin da na samu aikin koyarwa, har yau ban gama biyansa cikon kuɗin ba, shi ya sa ba na so maganar ta kai kunnensa. Ranar Asabar muka tafi bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata, na bar ta a falo. Babban ɗana ya ce wasan ƙwallo kawai ya sauke, kuma yaron nan ba ya min ƙarya. Da na kunna ta sai ga wani jan allo da hoton garkuwa, wai an gano bairos 37, in ban biya cikin minti goma ba komai zai goge. In na rufe sai ya dawo, yana ƙara kamar jiniya. Makin jarrabawar ɗalibai 46 na ciki, ranar Alhamis za a karɓa. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa'alaikumussalam. Malama, kar ki biya ko sisi. Shi abin da ke cewa ya gano bairos ɗin, shi ne ɓarawon. Antibairos na gaske ba ya ƙirga miki minti. Ki cire ta daga intanet yanzu, ki kwashe takardunki a filash, a yi mata fomatin, wato a goge komai a sake sa mata Windows. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, ba wani magani da ya wuce wannan.

Ɗalibin jami'a: Yallabai, da girmamawa, ba a fara da fomatin ba. Anti, ki duba: in saƙon yana fitowa ta ƙasan allo, ɓangaren dama, kuma an rubuta Chrome a jikinsa, to wani shafi ne aka danna wa Allow, yake turo sanarwa da tambarin bogi na antibairos irin McAfee ko Norton. Ki shiga saitin Chrome, wurin sanarwa, ki toshe duk shafin da ba ki sani ba. In kuma manhaja ce ta shiga, ki riƙe Shift ki danna Restart ki shiga Safe Mode, inda kwamfuta ke tashi da muhimman abubuwanta kawai, ki cire wasan da duk abin da ya shigo ranar Asabar, sannan ki bincike ta da Malwarebytes na kyauta, manhajar da ke gano bairos.

Hajiya: Ni dai kalmar fomatin ɗin nan ba na son jin ta. Haka na kai tawa wurin wani mai gyara a kasuwar waya, ya ce kwana ɗaya. Na dawo ya share min hotunan Umarar marigayi maigidana kaf. Ko haƙuri bai ba ni ba, wai ai ban ce ya ajiye ba.

Injiniya: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Shi ya sa na ce a kwashe kaya tukuna. Kai kuma ɗan makaranta, wasan da aka fasa aka sauke kyauta ba ya zuwa shi kaɗai. Ka cire na fili, na ɓoye yana nan yana kwashe kalmomin sirri. Malama, wace Windows ce a kai?

Malamar aji huɗu: Wallahi ban sani ba, yadda aka kawo ta haka nake amfani da ita. Kuma ba zan iya fomatin ba, wanda ya sa min Word ya koma Kaduna.

Baban 'yan biyu: Laifin namu ne iyaye. Nawa datar wata guda suka cinye min a kwana biyu. Kayan aiki ba na yara ba ne, ki sa mata makulli.

Malamar aji huɗu: Baba, ba sakaci ba ne. Da ita yake aikin gida na makaranta. Kuma ba shi ya danna ba, ni ce na danna wurin biyan da na ga lokaci na ƙurewa. Na sa lambar katina amma bai wuce ba, ya ce in sake gwadawa.

Mai POS: Innalillahi! Hajiyata, wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa. Har da lambobi ukun nan na bayan kati? Ki kira bankinki yanzu yanzu su toshe shi. Wannan "sake gwadawa" ɗin yaudara ce, sun riga sun karɓi lambar. In an kira ki ana neman lambar da aka turo miki ta waya, kar ki bayar.

Malamar aji huɗu: Dubu huɗu ne kawai a ciki. Sabon kati kuma sai na yini a layi, ga makaranta.

Mai POS: Albashinki ba nan yake shiga ba?

Wani bawan Allah: Ki sa antibairos ɗin Smadav, shi nake amfani da shi.

Injiniya: Smadav ya fi amfani wurin tsaftace filash, wannan ya fi ƙarfinsa. In Windows 7 ce, Microsoft ta daina sabunta ta tun Janairun 2020, ƙofa a buɗe take. Na faɗa na sake faɗa, fomatin.

Ɗalibin jami'a: In Windows 10 ce ko 11 akwai Defender a ciki, antibairos ɗin da ke zuwa da ita, yana iya sake kunna ta ya yi bincike kafin Windows ta gama tashi. Anti, ɗauki hoton allon da waya ki turo mu gani.

Malamar aji huɗu: Na gode muku duka. Caji ya ƙare kuma an ɗauke wuta. Ɗan maƙwabciyarmu ya ce yana da wata manhaja a filash da za ta share jan allon, zai zo bayan Isha'i. Shi ma ya iya kwamfuta sosai.

Injiniya: Filash ɗin wa, kuma ina da ina ya shiga?

Mai POS: Malama, kin toshe katin?