Ina so in haɗa na'urar ɗaukar hoton littattafai, da me zan fara?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Akwai littattafan Larabci bugun Misira a hannuna, da wasu na rubutun hannu a gafaka. Ina so in mayar da su cikin kwamfuta, amma injin sikana na shagon bizines yana karya bayan littafi. Wayoyi biyu gare ni. Kafinta zai iya haɗa mini abin?

Injiniyan Arkilla: Wa alaikumus salam. Zai iya. Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Daniel Reetz ya fitar a Amurka a 2009, masu sha'awa suka yi ta gyara shi a ƙarƙashin sunan DIY Book Scanner. Kafinta ya haɗa katako biyu su yi kwari kamar harafin V, buɗewar digiri 90 zuwa 100, nan littafin zai kwanta. Mai yankan gilashi ya yanko maka biyu masu kaurin milimita 3, a haɗa su da kwana iri ɗaya, a sa musu mariƙi, su ne ke danne shafi ya miƙe. Kowace waya ta fuskanci shafi guda.

Inda mutane ke kuskure: sai su kafe katakon da ƙusa. Kana buɗe shafuka kaurin littafi na komawa gefe guda, tsakiyarsa ta goce daga bakin gilashi. Ka ɗora katakon a kan ƙarfen durowa ya riƙa zamewa hagu da dama. Wajen saita waya kuma, aza ƙaramin madubi a tsakiyar gilashin. In ka hango idon kyamara daidai tsakiyar hoton, ta miƙe ke nan. In ba haka ba shafi zai fito sama faɗi, ƙasa tsuke.

Malama Runjin Sambo: Ɗan'uwa, na gafakar nan kada gilashi ya taɓa su. Tawadar gargajiya a saman takarda take zaune, dannewa na ɓarɓashe ta. Tunda warwara suke ba ɗinki, ba ka buƙatar kwarin katako ma: shimfiɗa baƙin ƙyalle, waya ɗaya daga sama, rula a gefe don a san girman takarda. Ɗauki gaba, juya, ɗauki baya, ka kife ta gefe, kana duba kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi don nuna farkon na gaba. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu. A kashe fanka, ko da ana zafin Afrilu.

Injiniyan Arkilla: Gaskiya ne, Malama. Sai haske. Ƙwan LED biyu a sama can, inda ƙyallinsu ba zai dawo wa kyamara ba, a shafe katakon da baƙin fenti marar sheƙi. Ka ba su wuta daga batir mai bolt 12, don wutar gari da ta janareta kan sa ƙananan ƙwai ƙyaftawa, hoto ya fito da zane-zane. A manhajar Open Camera ka kulle fokas da haske da launi, ka riƙa ɗauka da rimot ɗin Bluetooth, taɓa waya na girgiza ta. Shafin A4 a ma'aunin 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) ɗigo 2480 ne sau 3508, wato kusan megafiksel 9, saboda haka waya mai megafiksel 12 ta isa in shafi ya cika fuskar. Da hunturu a goge gilashi akai-akai, ƙwayar ƙura a rubutun Larabci sai ta zama ɗigo.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai. Bayan ɗauka fa?

Malama Runjin Sambo: ScanTailor, manhajar kwamfuta ce ta kyauta, tana daidaita shafi ta yanke gefe. Kada dai ka bari ta mayar da na hannun baƙi da fari, jan wasali da sharhin gefe za su ɓace. Ka tuna littafin Larabci shafin dama ke gaba wajen jera hotunan wayoyin biyu. Asalin hotunan kuma ka ajiye su wuri biyu kafin ka taɓa komai.