Albam gaba ɗaya ko waƙa ɗai-ɗai? Ku ba ni shawara

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na kammala waƙoƙi tara, shida na soyayya, biyu hip-hop, ɗaya da kalangu. An gama aikin situdiyo, abin da ya rage a hannuna dubu 300 ne. In sake su gaba ɗaya a matsayin goron Sallah, ko in riƙa sakin ɗaya duk wata? Wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ta kaya.

Mai Jita: Ka fara neman situdiyo mai kyau tukuna, ƙanena.

Ɗan Fagge: Yaya, ai na ce an gama.

Tsohon Hannu: Ni na yi, kuma har yau ina jin ciwon abin. A 2022 na haɗa guda goma sha biyu, babur ɗina na sayar. Saura mako guda in saki, sai ga waƙata tana tashi a shagon masu turi. Yaron situdiyon ne ya kwafe a memori. Na daure na saki ranar Juma'a, tunda tun 2015 ita ce ranar fitar da sababbin waƙoƙi a duniya. Wani mai talla ya karɓi dubu 150, ya ce zai shigar da ni jadawalin TurnTable, mai jera waƙoƙin da suka fi tashe a Najeriya. Kwana uku lambobi na ta hawa, ina ta turawa dangi hoto. Ashe na'ura ce ke saurare, ba mutane ba. Aka share lambobin, aka sauke min waƙa biyu. Sannan wani mai sharhi ya rubuta wai albam ɗin "ba shi da alƙibla", alhali ya kira waƙa ta bakwai da sunan ta huɗu. Bai ma saurara ba!

Ummu Hanan: Allah Ya mayar da alheri, Malam. Amma dubu 150 ta yi yawa, mu dubu 40 muka ba masu rawar TikTok su uku, kuma waƙar ta zaga.

Tsohon Hannu: Hajiya, dubu 40 ko mutum ɗaya ba za ta ɗauko miki ba yanzu.

Sarkin Zolaya: Ka saki a azumi kawai, ba ka da abokin gasa sai masu tashe.

Injiniya: Ku bar wasa. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko kwabo. In ka zuba tara lokaci guda, masu sauraronka za su rarrabu a kansu. YouTube ma sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ka shiga rabon kuɗin talla. Mutanenmu kuma Audiomack suka fi buɗewa. Ɗai-ɗai ta fi.

Mai Jita: Injiniya, ka taɓa tsayawa gaban makirfo? Lissafin kwamfuta daban, kasuwa daban. Mai albam shi ake kira biki, shi ake ce wa mawaƙi.

Injiniya: Kai da ka tsaya, ina naka albam ɗin?

Sarkin Zolaya: Yana wajen mai haɗa sauti tun zamanin kaset.

Ɗan Fagge: To bidiyo fa? Kuɗin zai isa?

Ummu Hanan: Dubu 120 aka yi mana.

Tsohon Hannu: Da waya aka ɗauka ke nan. Ƙasa da dubu 400 ba bidiyo ba ne.

'Yar Amshi: Tunda ana maganar waƙoƙin soyayya shida, wa ta yi maka amshi, kuma ka sa sunanta? Na yi amshi a albam uku, dubu biyar-biyar aka ba ni kowace waƙa, ko a bango ba a rubuta ni ba. Ɗaya har gidajen rediyo suna sawa, ana yaba "muryar macen", ba wanda ya san tawa ce.

Mai Jita: Ai an biya ki, ƙanwata. Haka tsarin yake.

'Yar Amshi: Mai kiɗa ma an biya shi, amma ana kiran sunansa a farkon waƙa. Me ya sa ban da mu?

Ummu Hanan: Faɗa musu dai! Ni sai da na yi rigima kafin a sa nawa, shi ma aka rubuta shi ba daidai ba.