Johnny Depp ya cancanci riƙe askar Sweeney Todd, ko alfarma aka yi masa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan gida. Ina nan kan bakana game da fim ɗin Sweeney Todd na 2007: darakta Tim Burton son kai ya yi wajen rabon matsayi. Wasan nan waƙa ce ƙashin bayansa, kusan komai rerawa ake yi. Sai ka ɗauko Johnny Depp, wanda ba mawaƙi ba, ka ba shi jarumi don kawai abokinka ne, fim na shida ke nan da suka yi tare. Ka kuma ɗauko Helena Bonham Carter, matar da kuke zaune tare, ka ba ta Misis Lovett. In wannan ba alfarma ba ce, mece ce?

Autar Gida: Wa'alaikumussalam Yaya. Ni fa ban kalla ba, a ɗan ba ni labarin kafin ku fara faɗan.

Malamin Adabi: Auta, wani wanzami ne a Landan, sunansa Benjamin Barker. Alƙali Turpin ya ƙyalla ido ya ga matarsa, sai ya ƙulla masa sharri aka tura shi gidan yari a Ostireliya. Bayan shekara 15 ya dawo da sabon suna, wato Sweeney Todd, ya buɗe shagon aski a titin Fleet, a saman shagon Misis Lovett mai sayar da mitfai. Shi yana yanka masu zuwa aski, ita tana dafa naman tana sayarwa. Stephen Sondheim ne ya rubuta waƙoƙin, aka fara nuna shi a dandalin Broadway na birnin New York a 1979.

Autar Gida: Innalillahi! Kuma waƙa suke yi a kan wannan?

Malamin Adabi: Har da raha ma. Ɗan Fagge, maganar alfarma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sondheim yana raye a lokacin, sai a 2021 ya rasu, kuma sai da amincewarsa aka ba mutum biyun nan matsayinsu. Ita Helena sai da ta je ta koyi waƙa, ta yi gwaji, shi ya saurara ya yarda. Mutumin da ya san inda ya ajiye kowane sauti a wasan ya fi mu sanin wanda zai iya ɗauka.

Ɗan Fagge: Malam, da girmanka, amincewar mai waƙa ba ta mai da siririyar murya ta zama babba. Ka nemi ɗaukar da aka yi wa wasan dandalin a 1982, George Hearn a matsayin Sweeney da Angela Lansbury a matsayin Misis Lovett. Wurin da alƙali ya kuɓuce masa, Sweeney ya haukace ya ce duk ɗan Adam ya cancanci mutuwa, in Hearn ya buɗe murya sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Depp a wurin nan gurnani yake yi ta cikin haƙora. Kuma ya yi yarinta, ina mutumin da ya sha wuyar shekara 15?

Malamin Adabi: Yarinta kuma? Len Cariou da ya fara taka Sweeney a 1979 shekararsa 39. Depp yana da 43 lokacin ɗaukar fim ɗin. Ya girme shi.

Ɗan Fagge: To na janye batun shekaru. Murya fa?

Anti Mai Kek: Ku bar ni in sa baki, ƙannena. Hearn yana rerawa ne don wanda ke kujerar can ƙarshen zaure ya ji. Depp kuwa kyamara tana dab da hancinsa. In ya ɓarke da irin muryar dandali a wannan kusancin, dariya za mu yi. Ku tuna inda Misis Lovett ta miƙo masa akwatin asakensa da ta ɓoye. Ya zaro guda, ya ɗaga ta wajen hasken taga, yana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa yana kiranta abokiyarsa. Matar tana bayansa tana shinshinar gashinsa, shi ko waiwaye bai yi ba. Mutumin da aka kashe wa zuciya haka yake magana. Ni a nan ya saye ni.

Wanzamin Unguwa: Anti ta faɗi gaskiya, kuma ni hannu nake kallo kafin in saurari murya. Wanda ya iya aska, ba ya damƙe ta. Yatsu uku ne, ɗan ƙaramin yatsa yana kan wutsiyarta, ɗaya hannun yana jan fata ta miƙe. Lokacin da ya kwantar da Alan Rickman, wanda ya fito a Alƙali Turpin, a kujera ya shafa masa kumfa, suna rera waƙar kyawawan mata tare, askar tana yawo a maƙogwaro, wallahi sai da na taɓa wuyana. Shi ma Rickman ai ba mawaƙi ba ne, amma wannan muryar tasa mai nauyi, kamar ta wanda ya saba a tashi tsaye in ya shigo, ita ta dace da azzalumin alƙali.

Autar Gida: Baba Wanzami, daga yau Yaya ba zai ƙara zuwa aski wurinka ba.

Wanzamin Unguwa: Ya zo, ni da kilifa nake yi wa 'yan boko.

Ɗan Fagge: Ku dai ku yi ta raha. Ga tambaya: me ya hana a yi abin da Indiya ke yi, muke kuma yi a Kannywood? Mawaƙi ya shiga situdiyo, jarumi ya yi mamin. Wa ya taɓa jin haushi don Lata Mangeshkar ce ke rerawa a bakin jaruma? Su ma Turawan sun yi. Marni Nixon ce ta rera wa Natalie Wood a West Side Story na 1961, ta rera wa Audrey Hepburn mafi yawan waƙoƙin My Fair Lady na 1964. Shi kansa Depp, a Cry-Baby na 1990 wani ne ya rera masa. Da sun bar mana fuskarsa, sun ara masa maƙogwaro.

Malamin Adabi: Wannan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, amma ba za ta yi aiki a nan ba. A fim ɗin Indiya da namu, waƙa daban take. Labari ya tsaya, a canza kaya, a tafi lambu, a dawo. Kunne ya saba, ba ya neman murya ɗaya. Sondheim kuwa mutum yana cikin magana sai maganar ta zarce ta zama waƙa a tsakiyar jimla, ta sake komawa magana. In muryar Depp ta fara jimlar, wani ƙato ya ƙarasa ta, nan take za ka ji inda aka yi ɗinkin.

Mai Shagon Kaset: Malam, na yarda da kai kan Depp, amma ina tare da Ɗan Fagge kan matar. Lansbury ta yi Misis Lovett ne a matsayin 'yar kasuwa mai surutu, mai wayo, tana murza fulawa tana kashe kyankyasai tana zuba zance ba numfashi. Ita ce ke ba ka dariya don ka iya jure jinin. Waƙar da ke rufe kashi na farko, inda suke lissafa yadda naman fadan coci da na lauya da na ɗan siyasa zai yi a baki, a dandali mutane har ƙwalla suke yi. A fim kuwa Helena tana raɗa, kalmomi na ɓacewa, an kuma rage baitoci. Shi fuska fari fat, ido a zurme. Ita ma haka. Duhu ya haɗu da duhu, babu mai haska wani.

Anti Mai Kek: A'a ƙanena, ba ka yi mata adalci ba. Ita soyayyar ta fito da ita. Kalli inda yaron nan Toby mai yi mata aiki yake mata alkawarin ba abin da zai same ta muddin yana nan, ta rungume shi, hawaye na zubo mata, don ta riga ta san sai an kashe shi tunda ya fara zargin wanzamin. A dandali babban mutum ake yawan ba wa Toby, a nan Burton ya ɗauko yaro na gaske, Ed Sanders. Wannan zaɓin kaɗai ya sa wurin ya fi ciwo.

Mai Shagon Kaset: Yaron kam ya fi su duka murya. Shi da Laura Michelle Kelly mai bara, wadda daga dandalin Landan aka ɗauko ta. Kin ga ai inda aka sa masu waƙar, kunne ya huta.

Ɗan Fagge: Yauwa! Sannan ku tambayi kanku me ya sa aka cire waƙar taron da ke buɗe wasan, take kuma dawowa tsakanin fage da fage. Ni a ganina da an bar ta, da ta tona asirin jaruman.

Malamin Adabi: Wannan zato ne kawai. Fim ɗin bai kai awa biyu ba, wasan dandali ya fi haka nesa, dole a yanke. Kuma masu tsayawa su ba ka labari a dandali suke da amfani. Kyamara tana nuna maka da kanta. Kar ka manta Depp ya ci lambar yabo ta Golden Globe, ya kuma shiga takarar ta Oscar.

Ɗan Fagge: Oscar ɗin da fim ɗin ya ci na tsara wurin ɗauka ne, Malam, ba na murya ba. Kuma irin wannan ɗabi'ar ce ta kai mu ga Russell Crowe yana fama da matsayin Javert a fim ɗin waƙa na Les Misérables na 2012.

Anti Mai Kek: Kar ka haɗa su. Crowe ƙoƙari ya yi ya rera irin ta dandali, kai tsaye a wurin ɗauka, muryar ta gaza. Depp bai yi gasa da Hearn ba, tasa hanyar ya bi.

Autar Gida: To ni wanne zan fara kallo?

Ɗan Fagge: Na 1982.

Anti Mai Kek: Na Burton, amma ba lokacin cin abinci ba.

Wanzamin Unguwa: Ku ci gaba, ni an zo aski.