Cizon sauro na kumbura wa yarona ƙafa suntum, me zan yi?

Maman Auta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sani. Yarona shekararsa 3, nauyinsa kilo 14. Tun da damina ta kankama, duk inda sauro ya cije shi sai wurin ya haye, ya yi tauri, ya ɗau zafi, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Wani lokaci har bororo yake yi ya fashe. Jiya da magariba ya cije shi a ƙwauri, kafin mu kwanta wurin ya tashi, yau da safe takalmi ya ƙi shiga. Babu zazzaɓi, yana wasansa, sai dai susa ba dare ba rana. A kemis an ce in ba shi Ampiclox, maƙwabta kuma sun ce in shafa tafarnuwa ko man goge baki. Yayyensa ɗaki ɗaya suke kwana da shi, amma su ɗan ƙurji kawai suke yi ya baje. Me ya bambanta shi da su? Me zan yi yanzu, kuma ta yaya zan kare shi?

Malamar Jinya:

Wa alaikumus salam Maman Auta, Allah ya ba shi lafiya. Ki dakata da Ampiclox ɗin nan tukuna, shi maganin kashe ƙwayar cuta ne, kuma a bayaninki akwai amsar: da magariba aka cije shi, kafin kwanciya ya kumbura. Ƙwayar cuta ba ta aiki da wannan saurin. Ita sai ta samu kwana biyu ko uku kafin ta nuna kanta. Kumburin da ya zo cikin awoyi kaɗan, ga ƙaiƙayi, ga yaro yana wasa, jikinsa ne ke faɗa da yawun sauro.

Macen sauro ce ke cizo, kuma kafin ta zuƙi jini sai ta zuba yawunta a fata don kada jinin ya daskare. Jiki yana ɗaukar wannan yawu baƙon abu, sai ya saki sinadarin histamin, jijiyoyin wurin su buɗe, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Kowa jikinsa na yin haka, amma na ƙananan yara da na baƙon da ya zo sabon wuri ya fi zafafawa saboda bai saba ba. Yayyensa sun sha cizo shekara da shekaru, jikinsu ya yi sanyi da abin. Shi ma galibi haka zai yi idan ya ƙara girma.

Ki sa a ranki cewa kumburin zai iya ƙaruwa har zuwa gobe, don yakan kai ƙarshen hawansa tsakanin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya fara saɓewa, ya baje cikin kwana 3 zuwa 10. Ƙaruwar yau kaɗai ba abin tsoro ba ce.

Yanzu ki wanke wurin da sabulu da ruwa. Ki naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a cikin tsumma mai tsabta, ki ɗora minti 10, ki ɗauke, ki maimaita sau uku ko huɗu a yini. Kada ƙanƙara ta taɓa fata kai tsaye. Idan babu wuta, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ma yana rage ƙaiƙayi. In ya kwanta ki ɗora ƙafar a kan matashi. Ki yanke masa farce ƙwal, ki sa masa dogon wando na auduga da dare, domin yawancin ɓarnar cikin barci ake yinta. Bororon kuma kada a fasa shi da allura ko tsinke, fatar da ke samansa ita ce murfinsa. In ya fashe da kansa a wanke, a shafa basilin kaɗan, a rufe da bandeji mai tsabta, a canza kullum.

Sai abu ɗaya da nake so ki yi yau: ki ɗauki biro ki zagaye iyakar kumburin. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka da bayan hannu za ki gane iyakar, inda zafi da tauri suka tsaya, ki kuma gwada da ɗaya ƙafar. Idan bayan kwana biyu kumburin yana ci gaba da tsallake layin, ko ƙaiƙayi ya koma zogi har ba ya yarda a taɓa, ko ya ƙi taka ƙafar, ko mugunya ta fito, ko kaluluwa ta tashi a matsematsi, ko zazzaɓi ya shigo, to ƙwayar cuta ta shiga ta inda ya sosa. A ranar za a kai shi asibiti, likita ya zaɓi maganin da ya dace da adadin kwanakinsa.

Wanda ba a jira ko minti ɗaya shi ne idan bayan cizo leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya ko yana fito, borin jini ya feso a duk jiki, ko yaro ya yi laushi kamar zai suma. Da wuya cizon sauro ya kai ga haka, amma in ya faru allurar adirenalin ce maganinsa, kuma a asibiti take.

Tafarnuwa tana ƙona fatar yaro har ta saɓule. Man goge baki, lemun tsami, toka, kananzir da Dettol da ba a sirka ba duk sahunsu ɗaya: suna mayar da ƙaramin cizo ya zama miki.

Mai Harhaɗa Magani:

Malama ta gama magana kan ganewa. Bari in ɗora da awo, tunda an faɗi shekaru da nauyi.

Maganin sha na farko shi ne setirizin na ruwa. Wanda aka fi samu yana da miligiram 5 a cikin kowane mil 5. Ɗan shekara 2 zuwa 5 ana ba shi mil 2.5 safe da dare. Ɗan shekara 6 zuwa 11, miligiram 5 safe da dare. Daga 12 zuwa sama, ƙwaya ɗaya ta miligiram 10 a yini. Ki duba jikin kwalbar ki tabbatar da ƙarfinsa kafin ki auna, kuma da sirinji marar allura ko murfin awon da ya zo da shi za ki auna. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya ninka wani. In ba a samu setirizin ba, loratadin yana wannan aikin: miligiram 5 sau ɗaya a yini ga yaron da ya kai shekara 2 kuma bai wuce kilo 30 ba. Ɗaya za a zaɓa, ba a haɗa su.

Piriton ma yana kashe ƙaiƙayi, kuma shi aka fi miƙo wa mutane, amma yana sa barci da kasala, wasu yaran kuma ya birkita su su ƙi barci, ga shi aikinsa ba ya daɗewa. Ni na fi son a bar shi sai in babu wancan. Phenergan kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba ko kaɗan, yana iya danne numfashi. Duk jaririn da bai kai 2 ba, likita ne zai faɗi abin da za a ba shi.

Na shafawa shi ne man haidirokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. A shafa siriri sau biyu a yini, kwana 3 zuwa 5, kada a wuce mako. Awonsa mai sauƙi ne: abin da aka matso daga kan ɗan yatsa manuni zuwa gaɓar farko yana isar faɗin tafin hannu biyu na babba. Kumburin da kika kwatanta rabin wannan ya ishe shi. Ba a sa shi a kan bororon da ya fashe ko inda ke tsatsar ruwa. Ruwan kalamin, wannan mai kalar hoda, yana sanyaya wuri kuma ba shi da illa, sai dai yana busar da fata in an yawaita.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a matsayin maganin kowace irin cutar fata. A cikinsu akwai betametazon ko kilobetasol, waɗanda suka fi haidirokotizon ƙarfi nesa ba kusa ba. Suna kwantar da kumburi da sauri, shi ya sa iyaye suke komawa gare su duk damina. Amma fatar yaro siririya ce, tana shanye su. Da yawan shafawa sai fatar ta yi fari-fari, ta ƙara sirancewa, ta yi nankarwa, kuma in ƙwayar cuta ta shiga sai man ya rufe alamun har abin ya yi nisa. Haka ƙwayoyin firedinisolon da desametazon: akwai lokacin da likita kan rubuta na kwana kaɗan idan kumburi ya yi tsanani, amma ba abin saye a ba yaro da ka ba ne.

In yana kukan zafi, farasitamol mai miligiram 120 a mil 5, a ba shi mil 7.5 duk awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini. Asfirin ba na yara ba ne. In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin komai. Cizon jiya ba zai kawo maleriyar yau ba, tana bukatar aƙalla mako guda, amma na makon jiya zai iya.

Maman Auta:

Allah ya saka da alheri. Na zagaye da biro, na samo setirizin ɗin. Saura biyu: makon jiya a fatar ido ya cije shi, idon ya rufe ruf, hankalina ya tashi. Sannan ƙafafunsa duk baƙaƙen tabo ne. Gidan sauro kuwa muna da shi, a ciki yake kwana, amma abin bai fasa ba.

Dubagari:

Hajiya, ki lura da lokacin da kika faɗa da bakinki: magariba. Gidan sauro yana tsare wanda ke cikinsa ne, yaro kuwa daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha yana tsakar gida da gajeren wando. Sauron kwata da na masai da faɗuwar rana yake fitowa. Akwai kuma wani baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu da ke cizo da rana tsaka, musamman da hantsi da yamma, kuma ƙwauri da idon sawu yake nema. Mai kawo maleriya shi ne na tsakar dare. Net ɗin yana maganin na ukun, sauran biyun sai da wata dabara.

Tun biyar na yamma a yi masa wanka, a sa masa dogon wando, riga mai dogon hannu da safa, masu haske kuma masu ɗan walawa, don sauro yana huda matsattsen yadi. Inda ya rage a buɗe a shafa man korar sauro. Ki karanta jikinsa ki nemi sinadarin korar sauro da ake kira DEET, mai kashi 10 zuwa 30 cikin 100. Mai kashi 10 yana riƙe kamar awa 2, mai 30 kamar awa 5, kuma ana shafa wa yaro daga wata 2 da haihuwa. Ki zuba a hannunki ki shafa masa, ban da tafin hannunsa tunda baki yake kai shi, ban da kusa da ido da baki, ban da kan miki ko bororo. In zai kwanta a goge da ruwa da sabulu. Mai ɗauke da man turare na yukaliftus ba a shafa wa wanda bai kai shekara 3 ba.

Shi kansa gidan sauron a duba shi. Yaro yana birgima ya manne da jikin net, sauro ya cije shi ta waje, shi ya sa ake ganin cizo a jere a hannu ɗaya ko kumatu ɗaya. A tokare gefen da matashi, a cusa bakin net ɗin ƙarƙashin katifa ko tabarma ta kowace kusurwa, a ɗinke duk huda ko da ta kan yatsa ce. A sauke shi tun kafin magariba don kada a rufe da sauro a ciki. Maganin da ke jikinsa yana kai kamar shekara 3 ko wanki 20, in da sabulun wanka aka wanke aka shanya a inuwa. Omo da rana suna cinye shi. Sabo kuma a baza shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, in ba haka ba shi ma yana sa fuska raɗaɗi a ɗauka sauro ne.

Sai tushen abin. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, don haka zagaye ɗaya a mako yana yanke zuriyar. A kife gwangwanaye da fasassun robobi, a huda tsofaffin tayoyi ko a kai su ƙarƙashin rumfa, a rufe duro da randa da murfi mai kama baki. Zubar da ruwa kaɗai bai isa ba, sai an dirje cikin mazubin da soso, domin ƙwan mai ɗigon farin yana manne a bango, yana jure bushewa watanni, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. A yashe kwata ruwa ya riƙa wucewa, a ɗaure bakin bututun iskar masai da guntun net.

Fanka tana taimakawa ƙwarai, sauro ba ya iya tashi cikin iska. Igiyar leko a tsakar gida ko kafin a shiga ɗaki, ba a rufe ƙofa da ita yaro yana ciki. Fiya-fiya kuwa maganin gona ne, guba ce, ba ta da wuri a ɗakin da yara ke kwana.

In an yi duk wannan har yanzu yana tashi da sabon cizo, a ɗaga katifa a duba ɗinkinta da tsagar gado. Kuɗin cizo yana cizo uku-uku a layi, har a inda riga ta rufe.

Malamar Jinya:

Kan batun ido: fatar wurin sakwa-sakwa ce, ruwa kaɗan ke cika ta, kuma ta fi hawa da safe saboda kwanciya. In yana sosawa, ba ya jin zafi, kuma da kika buɗa fatar a hankali kin ga farin idon fes, ƙwayar tana juyawa ko'ina, to sanyi da setirizin sun isa. Kada man shafawa ya kusanci idon. In akwai zazzaɓi, ko zafi in ya juya ido, ko idon ya turo waje, ko ya ce ba ya gani sosai, asibiti a take, ko da dare ne.

Tabon ba na dindindin ba ne. Baƙar fata tana tara launi a duk inda ta yi kumburi, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya washe, wani ya kai shekara. Man kaɗanya ko basilin bayan wanka ya wadatar. Man bilicin ko sabulun ƙara haske kada su taɓa shi. Abin da ke hana sabon tabo shi ne a tare susar tun daren farko, don haka ki ajiye setirizin a gida ki fara ba shi da zarar kin ga cizon, kada ki jira ya haye.

Ki kuma duba tsofaffin wuraren. In kin ga wanda ya yi ɓawo kalar zuma, yana tsatsar ruwa, yana yaɗuwa zuwa gefe, wannan ya riga ya kamu, kuma yana iya kama yayyensa ta tawul da zanin gado. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi a cire a hankali, a kai shi a duba, galibi man mufirosin ake rubutawa sau uku a yini na kwana 5, in wuraren suna da yawa a haɗa da na sha. Irin wannan ƙurjin wani lokaci yana taɓa ƙoda bayan mako 3 zuwa 6, lokacin har an manta da shi. In kin ga fuskarsa ta kumbura da safe ba tare da cizo ba, ko fitsarinsa ya ragu ko ya koma kalar ruwan shayi, ki kai shi a auna fitsari da hawan jini, ki kuma gaya wa likita ya yi ƙuraje a ƙafa kwanakin baya.